Ƙuri'a ko jarrabawa? Muhawarar iyaye kan kujerun haziƙai a Maryland

Baban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Takardun yaran aji biyar sun kusa fitowa, bari in amayar da abin da ya daɗe a cikina. Tun da gundumarmu ta Montgomery a jihar Maryland ta Amurka ta mayar da shiga shirin haziƙai ƙuri'a, an binne cancanta. Yaro ya hana idonsa barci yana lissafi, wani ya yini yana wasa, a zuba sunayensu a ƙwarya ɗaya a girgiza. Wannan zalunci ne. Kuma iyayen 'yan Asiya da suka kai ƙara gaskiyarsu ne, don a rage yaransu aka ɓullo da shi.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Ku yi min uzuri, bara muka zo. Wane shiri ne wannan? Nawa yana aji huɗu.

Malama Maman Zara: Sannu da zuwa 'yar uwa, gara da kika tambaya tun yanzu. Makarantun gwamnati ne guda huɗu na aji shida zuwa takwas, kowacce da shiri na musamman a cikinta. Suna kiransa maganaɗisu, don yana janyo yara daga unguwanni daban-daban. Takoma Park da Roberto Clemente lissafi ne da kimiyya da kwamfuta. Eastern da Martin Luther King adabi ne da tarihi da rubutu. Ba a biyan ko sisi, sai dai kujerun kowane shiri a shekara ɗari da 'yan kai ne ko ma ƙasa da haka, a gundumar da ɗalibanta suka kai wajen 160,000.

A da, uba ko uwa ne ke cike takardar nema, malamai su rubuta shaida, yaro ya zauna jarrabawa. A 2016 wani kamfanin bincike da hukumar ilimi ta ɗauka, Metis Associates, ya kawo rahoto cewa yaran baƙar fata da 'yan Latino da 'ya'yan marasa ƙarfi sun yi ƙaranci a shirye-shiryen nan. Daga ɗaukar 2018 sai aka daina jiran iyaye, aka koma duba bayanan duk yaran aji biyar. Aka kuma ƙara sharaɗi: in makarantar unguwarku tana da haziƙai kamar ashirin irin ɗanka, sai a ce ai yana da abokan gogayya a gida, damarsa ta ragu. Da korona ta zo a 2020 aka ajiye jarrabawar shiga, aka koma ƙuri'a, aka ci gaba da ita bayan annobar.

Maman Ummi: Kuma Baban Sadiq, yaron da ya yini yana wasa ba ya shiga ƙwaryar. Sai mai A a darussan da ake dubawa, kuma makinsa na MAP, wato gwajin lissafi da karatu da makarantu ke yi wa yara, ya sa shi cikin 15 na sama a kowane ɗari. Wanda ya tsallake wannan ai ba ɗan wasa ba ne.

Baban Sadiq: Na karɓi gyara, Hajiya. Amma 15 na sama a cikin su wa? Nan gizo ke saƙar. Ba da duk gunduma ake auna yaro ba. An kasa makarantun firamare rukuni-rukuni gwargwadon yawan yaran da ke cin abincin kyauta ko na rangwame, kowa da 'yan rukuninsa ake gwada shi. Sai ka ga makin da ya shigar da yaro ƙwarya a wata unguwa, wanda ya fi shi bai shigar da wani ba a unguwa ta gaba. Yara biyu, gwaji ɗaya, ma'auni biyu.

Alhaji Baba: Ɗana, kai da ka yi makarantar gwamnatin tarayya a gida, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka. A 2013 makin shiga makarantun haɗin kai, wato sakandaren gwamnatin tarayyar Najeriya, na ɗan Anambra 139 ne, na ɗan Zamfara bai kai goma ba. Mutanen kudu suka ce zalunci ne, muka ce a duba inda yaron ya taso tukuna. Yau mun zo ƙasar mutane, Allah ya buɗa mana, mun sayi gida a unguwa mai kyau, sai mu ari bakinsu mu ci musu albasa?

Baban Sadiq: Allah ya ƙara girma Baba. Ai misalinka ni ya taimaka. Shekara nawa ana sassauta mana maki a gida, shin firamaren ƙauyukanmu ta gyaru? Sassaucin ya zama bargon da aka lulluɓe ciwo da shi. Gwamna ba ya jin kunya, tunda ko yaya aka yi yaransa za su sami gurbi. Abin da nake tsoro ke nan a nan: a gyara hoton waɗanda suka shiga aji shida, a bar abin da ya faru a aji ɗaya zuwa biyar yadda yake.

Maman Ummi: Bari in gaya muku yadda tsohon tsarin yake ga mace irina. Lokacin da babban ɗana yake aji biyar, aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi. Wallahi ban san da wani shiri ba. Sai da wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko mun sami sakamako, na ce sakamakon me? An rufe karɓar takarda tun tuni. Ɗanta kuwa tun aji uku ake kai shi lesin duk Asabar, ana koya masa irin tambayoyin. Ban ga laifinta ba, uwa ce mai son ɗanta. Amma kada a ce min jarrabawar nan ƙwaƙwalwar yaro kaɗai ta auna. Ta auna wanda uwarsa ta ji labari, da wanda ubansa ke da kuɗin lesin da motar kai shi. Nawa ko bakin ƙofa bai je ba, balle a ce ya faɗi.

Baban Sadiq: Hajiya, wannan ciwon na yarda da shi, kuma an magance shi tun 2018 da aka koma duba kowane yaro. A nan ya kamata a tsaya. A duba kowa, a yi wa kowa jarrabawa, a ɗauki na sama. Mene ne na ƙuri'a kuma?

Barista: In sa baki a kan maganar kotu, don kada mu ɗauki zargi a matsayin hukunci. Ƙungiyar iyayen, Association for Education Fairness, ta shigar da ƙara a kotun tarayya a Satumban 2020, lauyoyin Pacific Legal Foundation suka tsaya mata. A 2021 mai shari'a Paula Xinis ta ƙi korar ƙarar, ta ce ƙorafinsu a kan tsarin 2018 abin saurare ne. Wannan nasu ne, kuma gaskiya kason yaran Asiya ya ragu bayan canjin. Amma da suka sabunta ƙarar ta koma kan ƙuri'a, a Yulin 2022 ta kore ta, ta ce ba su nuna an yi tsarin da niyyar wariya ba.

Haka aka yi a maƙwabtanmu Virginia kan sakandaren Thomas Jefferson da ke Fairfax. An soke jarrabawa da kuɗin nema dala 100 a 2020, kason 'yan Asiya cikin waɗanda aka ɗauka ya sauko daga kusan 73 cikin ɗari zuwa 54. Iyaye suka ci a kotun farko a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 2023, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren maganar a Fabrairun 2024, alƙalai biyu, Alito da Thomas, suka ce da an saurara. Kuma kotun ɗaukaka ƙarar nan ita ce a kan Maryland ma. To Yaya, kana iya cewa ƙuri'a ba ta dace ba. Amma cewa don a rage wasu aka yi ta, kotu ba ta tabbatar ba.

Baban Sadiq: Rashin tabbatarwa a kotu daban, rashin faruwa daban. Amma na janye wannan ɓangaren, tunda ban shiga zuciyar kowa ba. Na farkon yana nan daram.

Maman Hanif: Ni fa abin da ya tsaya min a rai daban ne. Malam, ƙuri'ar nan ba ta shiga caca ba?

Malam: A'a 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki. Caca ita ce a zuba dukiya, wani ya kwashe ta wani. Ƙuri'a kuwa tana da asali. A Suratu Ali Imrana, aya ta 44, an ba da labarin yadda aka jefa alƙaluma a kan wa zai riƙi Nana Maryamu. A Suratus Saffat an ambaci ƙuri'ar da ta faɗa kan Annabi Yunusa a jirgin ruwa. Kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa. Sai dai malamai sun nuna wurinta: inda haƙƙoƙi suka yi daidai, ba abin da zai fifita wani a kan wani, kuma abin ba zai ishi kowa ba. Ba a ƙuri'a tsakanin mai haƙƙi da marar haƙƙi. Don haka gardamarku ta koma wuri ɗaya: yaran da ke cikin ƙwaryar nan, daidai suke?

Baban Sadiq: Allah ya saka da alheri Malam, ka faɗi abin da na kasa faɗi. Ba daidai suke ba. Akwai yaron da yake da ƙoƙari, akwai wanda a aji biyar ya riga ya cinye lissafin aji takwas, yana zaune a aji yana mutuwar zaune don ba abin da ake koya masa da bai sani ba. Wannan ba lada yake nema ba, magani yake nema. Shirin nan don irinsa aka kafa shi. In ƙuri'a ta tsallake shi, shekara uku zai yi yana kallon silin.

Malama Maman Zara: Irin wannan yaron akwai shi, na koyar da su, kuma raina yana ɓaci idan na ga an bar su. Amma su ƙalilan ne. Sauran fa? Ka ɗauki yara 'yan shekara goma guda ɗari biyar, duk masu A, duk makinsu a sama. Ka jera su da jarrabawar safiya ɗaya. Tsakanin na 100 da ya shiga da na 130 da aka bari, tambaya ɗaya ce ko biyu. Wataƙila wancan ya karya kumallo, wannan mura ta kwana tana damunsa. Wannan ma ƙuri'a ce, Baban Sadiq, illa dai ba a kira ta da sunanta ba. Kuma ta fi ciwo, don wanda aka bari zai tafi gida da yaƙinin cewa shi ne bai isa ba. Wanda ƙuri'ar fili ta tsallake, ko ba komai uwarsa za ta ce masa ka cancanta, rabo ne bai tsaga ba, kuma ba ƙarya ta yi masa ba.

Baban Sadiq: To a raba mana. A ware wasu kujeru ga waɗanda suka yi fintinkau, a yi ƙuri'a a sauran.

Malama Maman Zara: Wannan zan iya sa hannu a kai. Sai dai ka sani, ranar da aka ware kujerun, ranar masu lesin za su buɗe sabon aji na neman su.

Maman Fati: Gaisuwa daga Bronx, a birnin New York. Mu nan mun ga biyun. A Disamban 2020 magajin gari de Blasio ya dakatar da tantance yara da maki a makarantun aji shida, aka koma ƙuri'a. A Satumban 2022 shugaban makarantu David Banks ya ce kowace gunduma ta zaɓa, wasu suka dawo da tantancewa, wasu suka ƙi. Iyaye sun yi ta zanga-zanga ta kowane ɓangare. Abin da na lura, duk wanda kika ji muryarsa a taro, ko mai son maki ko mai son ƙuri'a, mutum ne mai lokacin zuwa taro da ƙarfe shida na yamma. Namu mazan suna kan tasi, matan suna shagon kitso. A kanmu ake magana, ba mu a ɗakin.

Maman Ummi: Kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi, Yaya. Kowa ya tashi sai ya ce don yaran baƙar fata ake yi, ko kuma yaran baƙar fata ne za su rage wa shirin daraja. Na biyun nan na ji shi da kunnena a wajen wasan ƙwallon yara, daga bakin wata uwa da ba ta san ina jin ta ba. Ummi tana cikin ƙwarya ko ba ta ciki, ban sani ba tukuna, amma in ta shiga, ba na so kowa ya dube ta ya ce sa'a ce ta kawo ta.

Baban Sadiq: Hajiya, ai abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Jarrabawa ce kaɗai za ta rufe bakin matar nan.

Maman Ummi: Ba za ta rufe ba. Ko Ummi ta zo ta ɗaya, mai wannan tunanin zai samo wani abin faɗa. Ba zan zaɓa wa yaran gunduma guda tsari don in gamsar da ita ba.

Alhaji Baba: Malama, wanda ƙuri'a ta tsallake, shi ke nan an sallame shi?

Malama Maman Zara: A'a Baba. Akwai darussa masu zurfi na lissafi da na tarihi da aka buɗe a makarantun unguwa tun canjin 2018, kuma sunansa yana nan a jerin jira ko wani zai bar kujera. Sai dai ingancin darussan ya danganta da makaranta da malamin da aka samu, shi ya sa nake cewa iyaye su je da ƙafarsu su tambaya: aji ne na daban, ko an gauraya kowa an sauya masa suna kawai? Maman Hanif, ke kuma abin da ya shafe ki yanzu shi ne gwajin MAP na farkon aji biyar da makin zangon farko. Kada ya yi fashi a ranakun, kuma ki tambayi malamarsa tun bana ko an sa shi a ajin lissafi mai sauri.

Maman Hanif: Na gode Malama, gobe in sha Allahu zan rubuta mata.

Baban Sadiq: Ni dai ina nan a kan bakana, ƙuri'a zalla ba ta yi wa yaron da ya yi fintinkau adalci ba. Barista, hukumar ilimi tana ba iyaye damar magana a zamanta, ko ba haka ba? Zan yi rajista in kai maganar ware kujeru da ƙara yawansu.

Barista: Tana bayarwa, amma 'yan mintoci ne, sai ka rubuta abin da za ka faɗa. Turo min in duba maka.

Maman Ummi: In ka sami rana ka sanar da mu. Zan nemi canjin aiki in zo. A kan ƙara kujeru ina bayanka, a kan ware su kuwa zan yi rajista ni ma in faɗi nawa.