Wace kalmar Hausa ce za ta tsaya wa "nice"?

Malamar Turanci: Assalamu alaikum malamai. Ranar Litinin zan koyar da darasin sauyin ma'ana, kuma "nice" na ɗauka misali. Kalma ɗaya ta Hausa nake nema in rubuta a gefenta a allo.

Mai fassara: Wa alaikumus salam Malama. Kalma ɗaya ba za ta ɗauka ba, sai an duba abin da aka siffanta. In mutum ne, mutumin kirki. Abinci, iska ko hira, mai daɗi. Riga ko gida, mai kyau. In yabon aiki ne, madalla. Kuskuren ɗalibai shi ne su liƙa "mai kyau" ko'ina: "malami mai kyau" surarsa aka yaba, alhali halinsa Bature yake nufi.

Malamin harshe: Ki fara da asalinta. Latin ce, nescius, wanda bai sani ba: ɓangaren "ne-" na korewa ne, "scire" kuwa sani. Ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi wajen 1300 da ma'anar wawa. Daga nan ta koma mai tsirfa, sai mai lura da ɗan ƙaramin bambanci, kafin a ƙarni na 18 ta zama yabo.

Dattijo: 'Ya'yana, kunya ce a ce Bature na da ɗaya mu sai huɗu. A ƙirƙira: "gamsau", abin da ke gamsarwa.

Malamin harshe: Baba, ƙirar -au mutum mai ɗabi'a take siffantawa, kamar mantau da makarau. Miya ba ta zama gamsau.

Dattijo: To ku ci gaba da sauraron jikokinku suna "nayis". Haka harshe ke mutuwa.

Mai fassara: Allah ya huci zuciyarka Baba, amma huɗun nan wadata ce. Su kansu malaman Ingilishi suna hana ɗalibai yawan "nice" a insha'i saboda ba ta fayyace komai. Aro kuma ai mun ari mota da tebur.

Dattijo: Mota ba mu da ita aka kawo. Kirki muna da shi tun kaka da kakanni.

Malamar Turanci: Na gode. Zan ja layi uku a allo: kirki, daɗi, kyau, madalla kuma a ƙasa. Tsohuwar ma'anar zan sa "wawa".

Dattijo: Ki dai ambaci "gamsau" ko sau ɗaya, ki ji abin da yaran za su ce.