Tocilar shiga ƙarƙashin ruwa: wayarin da ƙarfin wuta

Ga abin da na tsinta daga bakin masu haɗa irin wannan tocila. Kusan kowa ya yarda cewa yawan wutar da ke ratsa LED, wato ƙwan fitilar, ne ke kawo haske, amma fa in ka ninka amf (ma'aunin yawan wuta) hasken ba zai ninku ba, rarar zafi take komawa, ido ma da kyar zai ga bambancin, batir kuma ya mutu da wuri. LED samfurin Cree XM-L2 iyakarsa amf 3, kar a wuce nan.

Inda aka fi jan magana shi ne wayarin. Farin LED yana son kamar bolt 3 (ma'aunin ƙarfin wuta), to in ka jera uku ɗaya bayan ɗaya bolt 9 kake nema, amma wuta iri ɗaya ce ke bin dukkansu, haskensu ya zo daidai. In kuwa ka raba musu wuta reshe-reshe, wanda ya fi zafi shi zai riƙa jan kaso mafi yawa, ya ƙara zafi, ya ƙara ja, har ya ƙone ya bar wa sauran nauyi. Ni dai jeren na fi amincewa da shi, tare da direba, wato 'yar na'ura mai riƙe amf a tsaye, don batir mai caji samfurin 18650 daga bolt 4.2 yake farawa yana sauka.

Waya ta zama gajera mai kauri. Kuma ruwa ne ke sanyaya jikin alminiyon, saboda haka kar a bar tocilar a kunne da cikakken ƙarfi a tudu.