Wane suna za mu ba magungunan da muke kira "maganin olsa"?

Jama'a ku zo mu nemi suna. Kusan duk wanda ciki ke damunsa da ƙwannafi ko kumburi ko ya ci loma kaɗan ya ji ya cika, da an ba shi omeprazole sai ya ce an ba shi maganin olsa, shikenan ya ɗauka yana da gyambon ciki alhali da yawa in an zura kyamara an duba ba a ganin gyambo ko ɗaya. Sunan ne ke tsorata mutane, shi ya sa abin ya dame ni.

Kuma fa ba iri ɗaya ba ne. Akwai na taunawa ko na ruwa irin magnesium trisilicate, shi asid ɗin da ya riga ya taru yake kashe wa kaifi, nan take za ka ji sauƙi amma ba ya daɗewa. Wannan na ce mu kira shi kashe-tsami.

Su omeprazole da aka fara sayarwa a 1988 aikinsu daban, ƙananan famfunan da ke tsatso asid a bangon tumbi suke toshewa, shi ya sa ake shan su kamar minti 30 kafin karin kumallo kuma sai sun ɗan kwana biyu kafin su kama sosai. Wani ya kawo toshe-famfo, ma'anar ta yi daidai wlh, amma ka faɗa wa mara lafiya haka ai tunaninsa gun mai gyaran famfo zai tafi. Kuma famotidine, wani maganin rage asid ɗin, ba ta famfo yake bi ba, saƙon histamin, sinadarin da ke sa tumbi ya fitar da asid, yake tarewa, sunan ba zai rufe shi ba.

Ni dai rage-tsami ya fi kwanta min. Ya haɗa su omeprazole da famotidine, sannan yana nuna ragewa kawai yake yi, in akwai ƙwayar cutar H. pylori mai haddasa gyambo sai an haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Su omeprazole galibi sati 4 zuwa 8 likita ke rubutawa, wanda ya shekara da shekaru yana sha ba dubawa na iya samun ƙarancin bitamin B12 ko magnesium.

Masu cewa tsami zai rikice da tsamin jiki, sai mu ce rage-tsamin ciki. Likitoci da masu kemis, dan Allah ku gwada shi a kan marasa lafiya ku faɗa mana ko sun gane.