Neman kalma: wane suna za mu raɗa wa "kiristal" ɗin da ke kan allon na'ura?

1/
Jama'a, salamu alaikum. A taya ni neman suna. Ina rubuta wa yaran da ke koyon haɗa na'urori a wurina 'yan takardun darasi da Hausa, sai na zo kan wani ɗan abu na yi turus. Ɗan gwangwanin nan ne mai ƙafa biyu da ke zaune kusa da aisi (IC, ɗan baƙin guntun nan mai ƙafafu da yawa da ke sarrafa aikin na'ura) a kan allo, wanda ake buga wa lamba a baya, 16.000 ko 12.000 ko 11.0592. A kasuwa "kiristal" muke ce masa. Ni ban ƙi aro ba, da aro muka samu batir da rediyo da kwamfuta. Damuwata da wannan kalma daban ce.

2/
Abu biyu muke kira da suna ɗaya. Akwai wanda babu komai a cikinsa sai ɗan siririn yankin dutse, shi kaɗai ba ya taɓuka komai sai aisi ya zuga shi. Akwai kuma wanda aka haɗa dutsen da da'irar wutar (saket) da ke zuga shi a gida guda, wuta kawai za ka ba shi ya fara fitar da bugu. Watan jiya na aiki yaro ya sayo na farko, mai shago ya miƙo masa na biyu, lamba iri ɗaya, megahaz 12, wato bugu miliyan 12 a daƙiƙa. Yini guda muka ɓata muna zargin aisi. Kada kuma wani ya ce a ƙirga ƙafa: ƙananan na zamani da ake mannawa a fuskar allo, dukansu biyun suna iya zuwa da ƙafa huɗu.

3/
Kafin a kawo suna, ga aikin abin. Dutsen shi ne wanda kuke ganin sunansa, QUARTZ, a fuskar agogon bango. Sinadarinsa ɗaya da na mafi yawan yashin da muke takawa. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa idan aka matse shi yana fitar da 'yar wutar lantarki. Daga baya aka tabbatar da akasin haka, wato idan ka sa masa wuta sai ya motsa. To idan aka yanka shi siriri aka riƙa zuga shi, sai ya kama karkarwa a kan gudu guda, wanda girman yankan ya tsayar masa. Walter Cady ne a Amurka ya fara haɗa da'ira da shi a 1921, a 1927 aka yi agogon farko da shi, Seiko na Japan kuma suka fitar da na hannu a 1969.

Na cikin agogo yana bugawa sau 32,768 a daƙiƙa. Ba da ka aka zaɓi lambar ba: raba ta biyu sau 15, za ka sauka a kan 1 daidai, daƙiƙa guda ke nan.

4/
Na ga amsoshinku, Allah ya saka da alheri.

Malam, kai da ka ce "lu'ulu'u": da girmamawa, ba zan ɗauka ba. Duk wanda ya ji lu'ulu'u, ado da tsada ne za su zo masa a rai. Wannan kuwa abu ne da ake sayarwa a leda, goma-goma. Ka aiki yaro Sabon Gari neman lu'ulu'u ka ga inda zai nufa.

"Ƙarau" ya fi kusa a ido, amma a aiki kishiya ne. Gilashi ba shi da tsari a cikinsa, ƙwayoyinsa a hargitse suke, shi ya sa ko ka matse shi ba ya ba da wuta. Dutsenmu duk sirrinsa yana cikin jeruwar ƙwayoyinsa sahu-sahu.

"Dutsen agogo" ya yi daɗin faɗi, sai dai ya ƙuntata shi. Yana cikin waya, yana cikin rediyo, yana cikin kwamfutar mota.

5/
Wani dattijo, tsohon mai gyaran rediyo, ya aiko min ta hannun ɗansa cewa me ya hana a ce "ƙanƙara". Da farko dariya na yi. Da na kwana da maganar sai na ga Baba ya fi mu hangen nesa.

A Hausar iyayenmu ƙanƙara ba ta tsaya ga ta ruwa ko wadda ke zubowa da damina ba. Dutsen ƙyastu, wanda ake bugawa da ƙarfe a samu tartsatsi, shi ma ƙanƙara ne. Shi kuwa wannan dutse ɗan gidan su QUARTZ ne, sinadarinsu ɗaya, sai dai nasa ƙwayoyin ƙanana ne ainun. Ga kuma abin da ya ƙara kashe ni: ita kanta kalmar "kiristal" daga Girkanci ta fito, kuma a can ma'anarta ƙanƙarar ruwa. Mutanen da can sun ɗauka dutsen QUARTZ ruwa ne da ya daskare har ya kasa narkewa. Ashe mu da su hanya ɗaya muka bi, muka haɗa ruwan da ya daskare da dutse mai sheƙi a kalma guda, ba tare da wani ya kwaikwayi wani ba. Kalma irin wannan ba a wuce ta a je ana ƙirƙirar sabuwa.

6/
Ƙanwata da ta ce yaran yanzu in sun ji ƙanƙara firji za su tuna, gaskiyarki. Shi ya sa ba zan bar ta ita kaɗai ba. Na gwada "ƙanƙarar lokaci", na ga ta koma kan agogo. Na gwada "ƙanƙarar karkarwa", harshe ya sarƙe. Wadda ta zauna min ita ce ƙanƙarar bugu. Bugu kamar na zuciya, kamar na ganga, domin abin da aisi yake nema a wurinta ke nan: kowane bugu ya yi taku ɗaya a aikinsa.

Na biyun kuwa, mai da'irarsa a ciki, na ce a kira shi makaɗi. Shi ne mai fitar da kiɗan da duk allon ke rawa a kai. Ƙanƙarar bugu kamar fatar ganga ce, sai an samu mai bugawa. Makaɗi ya zo da gangarsa da gularsa. Hatta da'irar da ke cikin aisi, wadda ke zuga ƙanƙara, ita ma makaɗi ce.

7/
Ni a wurina gwajin kalma shi ne a sa ta aiki. Bari in karanta muku darasin zaɓe da sababbin sunayen, ku ji ko suna tafiya.

"Idan za ka zaɓi ƙanƙarar bugu, lambar bayanta ita ce farkon tambaya kawai. Ka duba takardar aisi ka ga iyakar gudun da yake ɗauka. Wani lokaci aikin ne ke zaɓa maka: 11.0592 ta yi suna ne saboda tana rabuwa cif ta ba da gudun aika saƙo irin 9600 ba tare da saura ba.

Sai lodi. Kowace ƙanƙara an yanka ta ne don ta buga daidai idan tana ɗauke da wani adadin lodin kafasita (ɗan abin nan mai riƙe cajin wuta), kuma kamfani yana rubuta shi da ma'aunin fikofarad. A ce an rubuta fikofarad 18. Ba wai ka manna kafasita masu 18 ba ne. Kafasitocin biyu da ke ƙafafunta, in girmansu ɗaya, rabin guda ɗaya ƙanƙarar take ji, sannan layukan allo da ƙafafun aisi suna ƙara nasu, wajen 3 zuwa 5. To cire 5 daga 18, saura 13, ninka biyu, 26, sai ka ɗauki 27 da ake samu a kasuwa. Lodi ya yi kaɗan, ta yi sauri. Ya yi yawa, ta yi nawa, wani lokaci ma makaɗin ya kasa tashe ta. Ƙanƙarar agogo akwai mai lodin fikofarad 12.5 akwai mai 6, a ido kuma ba ka bambance su. Ka sa ta 12.5 inda aka tsara wa ta 6, agogonka zai riƙa wuce lokaci da mintuna a wata."

Kun ga "lodi" ma ba ni na ƙirƙira ba, daga tasha na ɗauko ta.

8/
Ga sashen da ya shafe mu mu mutanen zafi. "Kowace ƙanƙara tana da kaucewa, ana auna ta da kashi cikin miliyan. Kashi 20 cikin miliyan ya kai kusan daƙiƙa biyu a yini, kusan minti guda a wata. Ƙanƙarar agogo ta fi daidaito a wajen digiri 25, ko ta yi zafi ko ta yi sanyi baya take ja. A digiri 45, abin da akwatin na'ura ke kaiwa cikin sauƙi da bazarar Sakkwato ko Maiduguri, tana ƙara asarar sama da daƙiƙa guda a yini. Kuma ita mai rauni ce, kada a zuga ta da ƙarfi, kada a daɗe da ƙarfen dalma a kanta, a ajiye ta dab da aisi."

9/
Wani ya tambaya me ya sa nake cewa "gudun bugu" ban ce "mita" ba, tunda gidajen rediyo suna cewa "a kan mita kaza". Yallaɓai, wannan tsohon rikici ne. Mita ta zamanin gajeren zango ce, lokacin da tsawon igiyar ake faɗa, mita 49 ko 31. Da FM ta zo sai aka ci gaba da cewa mita alhali megahaz ake karantawa. Ba zan shigo wa yarana da shi cikin darasi ba.

10/
To a takarduna na rubuta ƙanƙarar bugu, da makaɗi, da lodi, da kaucewa. Wanda ya saba da "kiristal" a bakin kasuwa ya ci gaba da abinsa, ba na yaƙi da kowa.

Saura guda ɗaya ya hana ni rufe babin. Akwai ɗan'uwanta mai araha, sau da yawa mai ƙafa uku, wanda ba dutse ne a cikinsa ba, wani irin gasasshen tangaran ne. Kaucewarsa takan kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato wajen minti bakwai a yini, ya isa rimot ɗin talabijin amma ba ya yin agogo. Shi ma "kiristal" ake ce masa. Na rubuta "tangaran ɗin bugu" da fensir, bai kwanta min ba. Mai abin da ya fi shi ya kawo kafin Asabar, ranar zan kai takardun wurin mai bugawa.