Neman kalma: me za mu kira "temp" da Hausa?

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum, malamai. Ana shirya takardar darasi da Hausa ga yaran da ke koyon rubuta manhajar saba (server, kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet) a nan Gombe, sai aka cije a wuri ɗaya: temporary file da temp directory. Wato fayil ɗin da manhaja ke buɗewa ta ɗan ajiye abu tana tsakar aiki, da foldar da ake zuba irinsa, /tmp a Linux. Abin da ya fara zuwa baki shi ne "fayil na wucin gadi". Ya wadatar, ko akwai kalmar da ta fi zama daram?

Injiniya na Wunti:
Wa alaikumus salam. Kafin raɗin suna a fara ganin jaririn. Ɗalibi ya ɗora hoton fasfo a shafin rajista da aka rubuta da harshen PHP. Hoton ba ya zarcewa inda kake so. PHP tana sauke shi a foldar da saitin upload_tmp_dir ya nuna, in ba a saita ba ta kai shi ta tsarin, ta laƙaba masa suna na haruffa barkatai, ta miƙo maka hanyarsa a tmp_name. In ba ka kira move_uploaded_file ba kafin aikin ya ƙare, ta share shi, shi ke nan. Haka fayil ɗin da umarnin tmpfile ya buɗe, da ka rufe shi ya tafi. Amma na tempnam ba mai share maka, yana nan har sai ka cire da hannunka. Don haka kalmar da muke nema sai ta faɗi abu biyu: zaman na ɗan lokaci ne, kuma akwai wanda tashin yake wuyansa.

Malamar Hausa, Azare:
Injiniya ya sauƙaƙa mini. "Wucin gadi" ba kuskure ba ne, sai dai tana da fuska biyu yanzu. Gadar wucin gadi ta ɗan lokaci ce, amma ƙafar wucin gadi ƙirar hannu ce, ba ta asali ba. Yaro zai iya ɗauka fayil ɗin jabu ne. Ga kuma tsawo: "foldar fayilolin wucin gadi" sau goma a shafi ɗaya, ai baki ya gaji.
Ni zango nake gani. Fatake a hanyar Gwanja, neman goro, in yamma ta yi sai madugu ya ce a ya da zango. A sauke kaya, a kwana, da asuba a ɗaure a tashi. Wurin na kowa ne, kuma ba gidan kowa ba. Folda ta zama zango, fayil ya zama ɗan zango, jam'i 'yan zango. Ga aikatau a shirye tun kaka da kakanni: ya da zango, tashi daga zango.

Ɗan Jekadafari:
Malama, ta yi daɗin ji, amma ɗalibi in ya ji zango, zangon karatu zai tuna. Wani a nan ya kawo "riƙon ƙwarya". Me kuka gani?

Baba Mai Saba, Kumo:
Riƙon ƙwarya tana da gurbinta, ƙanina, sai dai ba wannan ba. Mai riƙon ƙwarya yana jiran mai kujera ne. Akwai fayil iri ɗaya da ya yi kama da haka: in za ka sabunta fayil mai muhimmanci, ba ka rubutu a kansa kai tsaye, don in wuta ta ɗauke a tsakiya ka tashi da rabin fayil, mu kuwa mun san halin wutarmu. Sai ka rubuta sabon a gefe, ka kira fsync ya sauka a faifai, sannan rename ya ɗora shi kan tsohon a bugu ɗaya. Wannan a kira shi na riƙon ƙwarya, ban ƙi ba. Amma ku lura, a folda ɗaya da na ainihin ake buɗe shi, ba a /tmp ba. In faifan ya bambanta rename zai ƙi, ya jefo kuskuren EXDEV, wasu harsunan kuma su koma kwafewa a ɓoye, amfanin dabarar ya zube.

Zango kam na goyi baya, don ta fi kowace kalma bayyana haɗarin. Izinin /tmp 1777 ne: kowa na iya sauka, lambar 1 ta farko ce kawai ke hana ka share ko sauya sunan kayan wani. Wanda ya saba kwana a tashar Dukku ya san ba a barin jaka a buɗe. In manhajarka kullum /tmp/rahoto.txt take rubutawa, wani mai asusu a sabar zai iya riga ka, ya kafa mahaɗi (symlink) da wannan sunan ya nuna wani fayil, kai kuma ka rubuta a kansa da ikonka. Shi ya sa mkstemp ke zaɓen suna da buɗe fayil a lokaci guda: X shida a ƙarshen sunan su koma haruffan da ba a iya hasashe, izini 0600, wato mai fayil kaɗai ke karantawa da rubutawa. Tsohon mktemp suna kawai yake bayarwa ya bar tazara tsakanin zaɓe da buɗewa, Python ta ce a daina amfani da shi tun siga ta 2.3.

Malamar Hausa, Azare:
Zangon karatu ai daga wannan zangon aka aro shi, tafiya ce aka yanka gaɓa-gaɓa. Kalma ɗaya na ɗaukar kaya biyu in mahalli ya raba su. Ba wanda zai ji "zangon saba ya cika" ya tambayi ranar hutu. Tsorona ɗaya ne, Baba: Zangon Kumasi ma da kwana ɗaya aka fara, yau unguwa ce da jikoki.

Injiniya na Wunti:
Wallahi Malama kin faɗi ciwon da kansa. 'Yan zango in sun zaune, su ke kashe saba. Kuma zangon biyu ne. Na /tmp gajere ne, ba a dogara da shi bayan an sake kunna na'ura. Na /var/tmp shi ke tsallake kunnawa. A tsarin asali na systemd, manhajar da ke tafiyar da ayyukan Linux, ana share abin da ya kwana 10 ba a taɓa ba a na farko, kwana 30 a na biyu. Ƙaramin zango da babban zango ke nan. Debian 13 ta 2025, wani nau'in Linux, ta mai da /tmp cikin ram, iyakarsa rabin ram ɗin. Saba mai gig 2, aka sauke bidiyo mai gig ɗaya da rabi, ka ga ba inda zai shiga.

Cikar ma iri-iri ce. Wani lokaci umarnin df -h ya nuna fili a faifai, amma a kasa buɗe ko fayil ɗaya: ƙananan 'yan zango sun cinye inode, wato gurbin rajistar da kowane fayil ke ci a faifai, df -i ne zai tona. Wani lokaci ka share ƙaton fayil fili bai dawo ba, don manhaja na riƙe da shi a buɗe. Umarnin lsof +L1 zai nuna mai riƙon.
In aikin na fayiloli da yawa ne, a buɗe folda ta kanka a cikin zangon da mkdtemp, izini 0700, wato kai kaɗai ke shiga. Ita nake so a kira bukka: ka kafa, ka gama, ka rushe gaba ɗaya. Masu rubuta manhaja da Node su kula, fs.mkdtemp haruffa shida yake liƙawa a wutsiyar abin da ka ba shi. Ka ba shi /tmp ba sandar ƙarshe (/), bukkar ta tsaya a wajen zango.

Ɗan Jekadafari:
To bari in gwada a jimlar darasi: "Ka kafa bukka a ƙaramin zango, ka sauke 'yan zangonka a ciki, ka sa rushe bukkar a cikin finally, sashen da ke gudana a ƙarshen aiki, don ko kuskure ya faru a tashi." Ta zauna?

Baba Mai Saba, Kumo:
Ta zauna, amma ƙara layi ɗaya. In aka kashe manhaja da umarnin kill -9, ko ram ya ƙare tsarin ya fille ta, finally ba ya gudana, bukka na nan tsaye. A sa wa bukkokin suna mai farawa da sunan manhajar, sannan cron, mai gudanar da aiki a lokacin da aka tsara masa, ya riƙa zagayawa kowane dare yana rushe waɗanda suka wuce kwana biyu.