Tsohon ginin hukuma da kula da gajiyayyu: wa ke da ikon yanke shawara?

Ɗan Unguwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Muna da wata 'yar ƙungiya a unguwarmu a nan Zariya, muna tara abin da ya sawwaƙa duk ƙarshen wata domin duba tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare kuma ba su da mai ɗaukar nauyinsu. A cikinsu akwai wata iya da ɗakinta yake yoyo tun farkon damina, har sai da muka ɗora katifarta a kan bulo, kuma duk daren da hadari ya haɗu hankalina ba ya kwanciya. Kusa da mu akwai wani tsohon gini mai ɗakuna huɗu, an ce na ƙaramar hukuma ne, a kulle yake, ciyawa ta rufe ƙofarsa. Shin doka ta yarda hukuma ta damƙa wa ƙungiya irin tamu wannan gini, ta kuma ba mu aikin kula da tsofaffin a madadinta? Idan ta yarda, ciyaman ne ke yanke shawara, ko kansiloli, ko sai an je Kaduna?

Tsohon Ma'aikaci ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka muku da alheri. Abin da kuke nema ba alfarma ba ce, domin Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a cikinsu, tare da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, akwai kafa gidajen gajiyayyu da marasa galihu da kuma kula da su. Hukuma tana iya yin aikin da ma'aikatanta, tana kuma iya ba wa wani ya yi ta biya shi, amma ko ta ba wa wani, alhakin yana wuyanta.

Sai dai ku raba maganar gida biyu, domin gini daban, kuɗin hidima daban. Kafin komai ku tabbatar ginin na wane ne. Gine-gine da yawa a ƙasar Zazzau gadon En'e ne, wato tsohuwar hukumar gargajiya, tun kafin gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, kuma wanda jama'a ke kira na ƙaramar hukuma yana iya zama na wata ma'aikatar jiha. Ƙari a kan haka, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, a jiharmu kuma hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye. Shi kuwa kuɗin hidima, sai ya shiga kasafin kuɗin shekara wanda ɓangaren ciyaman ke tsarawa, majalisar kansiloli ta amince. Don haka ku rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, ku kai ta hannun kansilan mazaɓarku, ku ba sashen walwalar jama'a kwafe, kuma ku yi haka kafin a rufe kasafin baɗi.

Shawarata mafi girma ita ce kada ku karɓi makulli da fatar baki. Ciyaman yakan sauka, wani ya hau, wanda ya hau kuma ba ya sanin alkawarin da ba a rubuta ba.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Baba ya yi gaskiya a kan rubutu, kuma ina so in ƙara da abin da ya faru a Ingila, inda hukumomin gari ke sayen yawancin hidimar kula da tsofaffi daga kamfanoni da ƙungiyoyi. A 2011 kamfanin Southern Cross, wanda yake tafiyar da gidajen tsofaffi kimanin 750, ya durƙushe. Babban dalili shi ne gine-ginen ba nasa ba ne, haya yake biya, hayar tana hawa kowace shekara, alhali abin da hukumomi ke biyan sa a kan kowane tsoho bai bi hayar ba. Sai da aka yi ta rarraba gidajen ga wasu kamfanoni domin kada tsofaffin su rasa matsuguni.

Ku ma idan aka ba ku gini, to a rubuta shekara nawa aka ba ku, wa zai canza kwano idan iska ta yaye shi, wa zai biya wuta da ruwa, nawa za a biya a kan kowane mutum kuma a wane lokaci, sannan wa zai riƙa zuwa duba tsabta da abinci. Tsohon da ba ya iya tashi yana buƙatar a juya shi a kai a kai, dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya ya kama shi. Wannan aiki ne na mai albashi da horo, ba na masu sa kai da ke leƙowa bayan la'asar ba. Kuma tunda hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuna da hujjar tambayar kansilanku nawa aka ware wa walwalar jama'a.

Bazazzagi ya amsa:

Ku gafarce ni, amma ni ban gamsu da tara tsofaffi wuri guda ba. Iyar da kuka ambata ta san maƙwabtanta, jikokin unguwa suna shiga gaishe ta, tana jin muryar ladanin da ta saba da ita. Idan kuka kulle ta a ɗaki tare da baƙin fuska, kun tare mata ruwa amma kun raba ta da mutanenta, kuma ina tsoron wasu 'ya'ya su samu wurin sauke iyayensu. Kuɗin gyaran ɗakuna huɗu zai yi wa ɗakuna da yawa rufi a cikin gidajensu. Ku nemi ginin ya zama wurin dafa abinci da ajiyar magani, inda ma'aikacin lafiya zai riƙa zama, a riƙa bin tsofaffin har gida.

Ɗan Unguwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maganar Bazazzagi ta shige ni, domin ban taɓa tambayar ita iyar ko tana son barin ɗakinta ba, kuma gobe da safe idan na kai mata koko zan tambaye ta. Za mu fara da binciken mai ginin, takardar kuma za mu rubuta ta a kan wurin dafa abinci da albashin mutum biyu masu zagayawa gida-gida. Baba, shin dole ne ƙungiyar ta yi rajista kafin hukuma ta ƙulla yarjejeniya da ita? Kwanon ɗakin iya kuwa ba zai jira kasafi ba, mun riga mun yi magana da kafinta zai zo ranar Asabar.