Ta yaya dabba mai tsayin raƙumin dawa take tashi sama?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Na ga zanen Quetzalcoatlus, wani ƙaton halitta mai fukafukai na zamanin dainoso, an tsayar da shi kusa da raƙumin dawa, tsayinsu ɗaya. Aka ce idan ya buɗe fukafukansa faɗinsu ya kai mita 10 zuwa 11, nauyinsa kuma kilo 200 zuwa 250. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, cikin tsuntsayen da ke tashi yau, babban tuje yana cikin mafiya nauyi, bai kai kilo 20 ba, kuma shi ma sai ya yi ɗan gudu kafin ya ɗaga. To abin da ya ninka shi sau goma fa? Daga kan tsauni yake faɗowa iska ta ɗauke shi, ko masu zanen ne suka ƙara gishiri? Sannan shi tsuntsu ne ko dainoso?

Mai Alli:
Wa alaikumus salam, Abban Hanifa. Bari in fara da ta ƙarshe don ta fi sauƙi: ba ko ɗaya ba ne. Terosar ne, wato dabbobin zamanin da masu fiffiken fata, dangin dainoso na kusa amma reshensu daban. Tsuntsaye su ne suka fito daga cikin dainoso. Terosar sun riga su hawa sama da daɗewa, tun fiye da shekara miliyan 220 da suka wuce, kuma sun ƙare tare da manyan dainoso shekara miliyan 66 baya.

Inda lissafinka ya karkace shi ne auna shi da tsuntsu. Kalli tantabara lokacin da za ta tashi: sai ta ɗan duƙa ta yi tsalle, sannan fukafukai su karɓa. Mafi yawan ƙarfin barin ƙasa daga ƙafa yake fitowa. Da zarar ta hau sama kuwa, waɗannan ƙafafun sun zama kaya, ɗaukarsu kawai take yi. Idan tsuntsu ya ƙara girma dole cinyarsa ta ƙara kauri, kayan ya ƙara nauyi, har a kai inda fiffike ba zai iya ba. Wannan ne ya yi wa tsuntsaye iyaka.

Terosar da ƙafa huɗu yake tafiya. Ba zato ba ne, akwai sawunsu a kan laka da ta zama dutse, mafi shahara a Crayssac ta ƙasar Faransa: sawun ƙafar baya mai yatsu huɗu, gefensa kuma sawun hannu mai yatsu uku. Yatsa na huɗu na hannun shi ne ya yi tsawo fiye da kima, shi ke riƙe da fatar fiffiken, idan dabbar ta sauka sai ta naɗe shi sama. A 2008 wani masani mai suna Michael Habib ya gwada ƙarfin ƙashin damtse da na cinya. A manyan tsuntsaye ƙashin cinya ne ke ƙara ƙarfi, a terosar kuwa damtse ya fi cinya nesa ba kusa ba. Daga nan ya ce dabbar duƙawa take yi, ta tura da ƙafafun baya, ta dogara a kan hannuwa, ta cilla kanta sama da tsokar ƙirji da kafaɗa, sannan ta buɗe fukafukai. Tsokar da ta ɗaga ta daga ƙasa ita ce dai za ta yi tashin, babu kayan banza. Jemage mai shan jini na Kudancin Amurka haka yake tashi har yau, da hannu.

Ga kuma ƙashin. Ramin iska ne a ciki, bangonsa a wurare da yawa bai fi milimita ɗaya ko biyu ba, amma kewayensa babba. Kamar bututun firam ɗin keke ne: fanko, ba nauyi, ga wuyar lanƙwasawa. Shi ya sa yawancin ƙasusuwan da ake tonowa a murƙushe suke, ƙasa ta danne su sun baje.

Batun tsauni kuwa, ajiye shi. Inda aka tono ƙasusuwan Quetzalcoatlus a Big Bend ta jihar Texas a Amurka shimfiɗaɗɗen fili ne mai koguna a wancan zamani, nesa da bakin teku.

Ɗan Gardama:
Malam, bayaninka ya yi daɗi, amma ka faɗa wa mutane gaskiyar abin da aka tono mana. Abin da Douglas Lawson ya samu a 1971, yana ɗalibi, ɓangaren fiffike ɗaya ne kawai. Ƙashin damtsen ya kai kusan santimita 54, wannan babu musu. Amma kai, wuya da ƙafafun da ake zanawa daga ƙaramin ɗan'uwansa aka aro su, wanda faɗin fukafukansa wajen mita 4 da rabi ne, aka faɗaɗa. Shi kansa Lawson a 1975 mita 15 da rabi ya ƙiyasta, daga baya aka rage. Kuma a 2010 Donald Henderson ya lissafa nauyin ya samu kilo 544, ya ce ƙila ma ba ya tashi. To wanne za mu kama?

Mai Alli:
Gaskiyarka kan abin da aka tono, ɗan'uwa. Amma a wannan shekarar ta 2010 Mark Witton da Habib sun mayar wa Henderson da martani: gangar jikin da ya yi lissafi da ita ta yi girma da yawa, alhali jikin waɗannan dabbobi ƙarami ne, wuya da kai da fukafukai ne suka cika ido. Ni dai abin da ya fi gamsar da ni shi ne damtsen da ka ambata. Yana da wani ƙaton tudu inda tsokar tashi ke kamawa. Dubi jimina: da kakanninta suka daina tashi, fiffiken ya ƙanƙance, tudun ƙashin ƙirji ya ɓace. Dabbar da ta bar tashi ba ta ci gaba da ɗaukar irin wannan damtse.

Inda har yanzu ake ja-in-ja shi ne salon tashin. A 2021 Kevin Padian da abokan aikinsa sun ce da ƙafafun baya yake tsalle sama sannan ya kaɗa fiffike. Ni ina tare da Habib saboda awon ƙashin, amma ka lura dukansu sun yarda yana tashi.

Ummu Sadik:
Sannunku da ƙoƙari, malamai. Abin da nake so in ƙara: kada a ɗauka duk terosar ƙatti ne. Da yawa ba su fi hankaka ko shaho ba, kuma na farko-farko ƙanana ne masu haƙora da dogon wutsiya. Ƙattin sun zo ne can wajen ƙarshe. Shi terosar ɗin da Cosimo Collini ya fara bayyanawa a 1784, daga duwatsun Bavariya a Jamus, ƙarami ne, har ya ɗauka halittar ruwa ce mai iyo da dogayen hannuwa, sai Georges Cuvier ya gane cewa yatsan fiffike yake riƙewa.

Abban Hanifa:
Allah ya ƙara basira, na gamsu kan tashin. Malam Mai Alli, saura guda: da wannan dogon wuya da baki marar haƙori, me yake ci? Kifi yake sura daga sama?

Mai Alli:
Amin. Da haka ake zato, amma wuyansa ba ya lanƙwasuwa sosai, muƙamuƙinsa kuma ba zai jure jan ruwa cikin gudu ba. A 2008 Witton da Darren Naish suka kawo ra'ayin da ya fi karɓuwa yanzu: a ƙasa yake kiwo, yana takawa da ƙafa huɗu, yana tsintar ƙadangaru, ƙananan dabbobi, har da jariran dainoso, ya haɗiye su ɗungurungum.